Santambul da kati ɗaya: ka hau da inji, ka sauko da ƙafa

Zuwana na farko Santambul, wato Istanbul, aike aka yi ni. Yayana mai shago a Kantin Kwari ne ya tura ni in haɗo masa abayoyi da kayan yara. Kwana shida na yi, amma in ka cire unguwar Laleli da ofishin masu kago, ban san ko'ina ba sai kujerar bayan tasi. Ranar da na ce bari in taka in huta da kuɗin mota, taswirar waya ta nuna mini 'yan mintoci ne daga bakin ruwa a Karaköy zuwa saman unguwar Galata. Ba ta yi ƙarya a kan nisa ba, sai dai ta ɓoye mini cewa hawa ne ɗoɗar. Na isa ina haki kamar wanda kura ta biyo, silifas na zamewa a kan daɓen duwatsu, sai ga wani dattijo da sandarsa ya fito daga wata ƙofa a can sama, ko gumi babu a goshinsa. Ashe jirgi ne a cikin tudun, shi ya ɗauko shi daga inda na taso, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Tun ranar na riƙe doka guda: duk inda za a hau, inji ya kai ni, duk inda za a gangara, ƙafata ta isa. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda hawan Dala ma sai an yi masa niyya, ƙafarmu ba ta san irin wannan gari ba. Tsohon birnin kaɗai a kan tudu bakwai yake, ga ruwa ya raba garin gida uku.

Mataki na ɗaya: ka zana garin a kanka

Mashigin Bosfor, mai tsawon kusan kilomita 30, shi ya raba ɓangaren Turai da na Asiya. A ɓangaren Turai kuma wani reshen ruwa da suke kira Haliç ya sake tsaga ƙasar biyu. Kudancinsa tsohon birni ne, wato Fatih, inda Sultanahmet da Laleli da Aksaray suke. Arewacinsa Beyoğlu, inda Galata da Taksim suke. Tsallaken Asiya kuwa Üsküdar da Kadıköy. Bakin ruwa ko'ina shimfiɗe yake, amma da ka ba shi baya, hawa ya fara. In ka ɓace, bi gangare, zai kai ka ruwa, ruwa kuma ba ya rasa tasha.

Ka koyi karanta allo. Harafin ç nasu shi ne c namu, ş kuma sh ne, c ɗinsu kuwa j ake furta shi, don haka cami, wato masallaci, "jami" za ka ce. Kalmomi huɗu sun fi sauran amfani ga mai tafiyar ƙasa: yokuş, hanya mai hawa, merdiven, matakala, çıkmaz, lungun da ba ya ɓullewa, iskele, tashar jirgin ruwa. Duk titin da ka ga sunansa ya ƙare da Yokuşu, an riga an yi maka gargaɗi.

Mataki na biyu: katin Istanbulkart

Kafin ka bar filin jirgi ka sayi wannan kati a injinan da ke bakin tashar metro. Injin yana da zaɓin Turanci da Larabci. Ka canza ɗan kuɗi kaɗan kawai a filin jirgi, domin farashinsu a can yanka ne, sauran ka bari sai cikin gari. Ka kula, injin ba ya ba da canji: duk takardar lira da ka zura, gaba ɗaya za ta shige cikin katin. Saboda haka ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Kati ɗayan nan yana aiki a metro, da jirgin titi da suke kira tramvay, da bas, da jirgin hawan tudu, da keken igiya, da jirgin fito, har da wasu banɗakunan gwamnati. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi sam. In kun zo ku biyu ko uku, kuna iya amfani da kati guda, ka danna ɗan'uwanka ya wuce, ka sake dannawa ka bi shi. Kowane sabon hawa sabon danni ne, shi ya sa tsarin da zan ba ka a ƙasa bai cika canje-canjen layi ba. Kuɗin hawa na tashi a kai a kai saboda faɗuwar lira, ka duba allon injin a ranar, kada ka dogara da abin da wanda ya je bara ya faɗa maka.

Daga sabon filin jirgi, wanda ya karɓi aiki gadan-gadan a 2019, layin metro na M11 zai kai ka Gayrettepe, inda za ka koma M2 mai bi ta Osmanbey da Taksim da Vezneciler har Yenikapı. Yana da sauri da arha, amma tsakanin layukan biyu akwai tafiya mai tsawo a ƙarƙashin ƙasa. In kana jan akwatuna biyu, ka shiga bas ɗin Havaist mai zuwa Aksaray ko Taksim, kayanka a ƙasan mota, kai a zaune. Wanda ya sauka a Sabiha Gökçen, a ɓangaren Asiya, M4 ne zai kai shi Kadıköy.

Mataki na uku: masauki da abin sawa a ƙafa

Kafin ka biya kuɗin ɗaki, ka tambayi abu ɗaya: minti nawa ne zuwa tashar jirgin titi na T1 ko tashar jirgin ruwa, kuma hawa ne ko gangare? A Laleli, alal misali, babban titi a kan doron tudu yake, layukan da ke kudancinsa kuwa gangarawa suke yi zuwa Kumkapı da Yenikapı. Ɗakin can ƙasa ya fi arha, amma kullum da safe da hawa za ka karya kumallo.

Takalmi kambas, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, mai riƙe ƙasa. Duwatsun daɓen nan in ruwa ya taɓa su santsinsu ya fi na kuɓewa. Ka sa wanda ba ya wahalar cirewa, domin za ka shiga masallatai da yawa, ka kuma jefa leda guda a jaka ta zuba shi. Babbar riga mai jan ƙasa ka bar ta sai Juma'a. Daga Disamba zuwa Maris akwai sanyi da ruwa, wani lokaci har ƙanƙara, kuma ruwan alwala a harabar masallaci sai ka cije. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne lokacin mai tafiyar ƙasa. Fasfonka ya kasance a jikinka, domin 'yan sanda na tsayar da baƙi su duba takardu, musamman wajajen Aksaray.

Mataki na huɗu: yinin farko, daga Süleymaniye zuwa Galata

Yawancin baƙi Sultanahmet suke fara dosa. Ni shawarata ka fara da tudu na uku. Ka hau T1 ka sauka a Beyazıt ko Laleli-Üniversite, ko M2 ka fito a Vezneciler. Injin ya riga ya ɗora ka a doron tudu, abin da ya rage 'yar tafiya ce ta gefen jami'a zuwa masallacin Süleymaniye, wanda Mimar Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Shiga kyauta ne. In ka idar da nafila, kada ka fita ta inda ka shigo, ka zagaya farfajiyar da ke kallon ruwa. Daga nan za ka ga ƙananan ƙubbobin makarantun da ke ƙarƙashinka jere kamar an kife ƙore, ga Haliç, ga hasumiyar Galata a tsallake, ga jiragen fito na kai da kawo. Mutane na biyan kuɗi mai yawa su bi dogon layi don su hau hasumiyar can su ga abin da kai kake gani a nan ba ko sisi. Kabarin Sarki Sulaiman yana bayan alƙibla, na Sinan kuma wani ɗan ƙaramin gini ne a kusurwar waje, in ba ka lura ba sai ka wuce shi.

Daura da ƙofar masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka yi suna da kuru fasulye, farin wake ne a jar miya, a ci da shinkafa. Ɗan Kano da ya girma da garau-garau ba zai ji baƙunci ba, illa dai zai nemi yaji ya rasa irin na gida.

Yanzu sai gangara. Duk lungun da ya nufi ruwa ka bi shi, za ka ratsa ta masu sayar da cokulan katako da tukwane da kayan wasan yara, har ka faɗa Tahtakale. A nan ne za ka ga 'yan dako da wani sirdin fata a gadon baya, sun duƙa da dila a kansu suna hawan abin da kai kake gangarowa, in ka ji ihu a bayanka ka manne da bango. Ka nemi masallacin Rüstem Paşa. Ba shi da ƙofar a-zo-a-gani, wata siririyar matakala ce mai duhu a tsakanin shaguna, kana hawa sai ka tsinci kanka a bene, bango duk shuɗin tayil na İznik, hayaniyar kasuwa ta koma can ƙasa kamar an rufe tukunya. Ni nan nake yin Azahar.

Daga nan Mısır Çarşısı, kasuwar kayan ƙamshi, sai Yeni Cami, sai Eminönü. In za ka sayi dabino ko goro irin nasu ko busasshen ɓaure, layukan bayan kasuwar sun fi cikinta rangwame. Gadar Galata ka tsallaka ta da ƙafa, ta sama, tsakanin masu kamun kifi da ƙugiya. In wani mai gyaran takalmi ya wuce ka burushinsa ya faɗi, kada ka ɗauka, kada ka kira shi. Tsohon tarko ne: zai nace sai ya goge maka takalmi don godiya, a ƙarshe ya tsuga maka kuɗi.

A Karaköy ka nemi allon Tünel. Shi ne jirgin da dattijon nan ya hau. An buɗe shi a Janairun 1875, wani injiniya Bafaranshe, Eugène-Henri Gavand, shi ya tsara shi, kuma in ka cire na Landan babu jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya girme shi. Tsawonsa mita 573, tasha biyu rak, cikin minti ɗaya da rabi ya haye da kai kusan mita 60. A sama kana da zaɓi. Ko ka gangara ta titin Galip Dede, tsakanin masu sayar da kayan kiɗa, ka wuce gindin hasumiyar Galata da mutanen Janowa ta Italiya suka gina a 1348, ka sauko ta matakalar Kamondo mai lanƙwasa ka koma Karaköy. Ko kuma ka miƙe titin İstiklal, kusan kilomita ɗaya da rabi ba hawan kirki, har Taksim, ka shiga jirgin hawan tudu na F1 ya sauke ka Kabataş, inda T1 ke farawa. Da yake nan ne farkon layi, sau da yawa har kujera za ka samu.

Mataki na biyar: yini na biyu, ganuwa da Abu Ayyub

A nan akwai ramin da baƙi ke yawan faɗawa. Tashar T1 mai suna Topkapı ba ita ce ta fadar Topkapı ba. Fada tana wajen tashoshin Gülhane da Sultanahmet, ita kuwa wannan tashar tana can bakin ganuwa. Yau ita muke so. Ka sauka, ka koma jirgin titi na T4, ka fito a Edirnekapı, tudu na shida, wanda ya fi sauran tsawo.

Ganuwar nan tun ƙarni na 5 take tsaye, ita ce ta tare runduna bayan runduna har ranar 29 ga Mayun 1453 da Muhammad Fatih ya shiga birnin yana ɗan shekara 21. Wanda ya san yadda badalar Kano ke zaizayewa zai daɗe yana kallon wannan gini na dutse da jan bulo. A gefen ƙofar akwai masallacin Mihrimah Sultan, shi ma aikin Sinan ne, tagogi sun yi masa yawa har ka rasa abin da ke riƙe da ƙubbar. Ka bi cikin ganuwa ka gangara, ka wuce Kariye, tsohon cocin da aka sake buɗewa a matsayin masallaci a 2024, ka ci gaba har Ayvansaray ko Balat. Unguwar talakawa ce da masu shagunan shayi suka fara mamayewa, shanya a igiya daga taga zuwa taga, kyanwoyi a kan kowace mota. Gangaren yana da tsanani a wasu wurare, ka riƙa taka gajeren sawu, domin saukowa gwiwa take ci.

A bakin ruwa jirgin titi na T5 na jiranka, shi zai kai ka Eyüpsultan. A nan kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da taguwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina. Ya rasu ne a yaƙin da Musulmi suka kawo wa birnin a zamanin Mu'awiya. Ka zo da wuri a ranar aiki, domin Juma'a da ƙarshen mako ba masaka tsinke. Za ka ga yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu kamar 'ya'yan sarki, iyaye ne suka kawo su ziyara gabanin kaciya.

Bayan masallacin akwai keken igiya mai hawa tudun Pierre Loti, kati ɗaya dai. In layin ya yi tsawo ka yi haƙuri ka jira, ya fi hawa da ƙafa. Shayin can sama kuɗin kallo ake haɗa maka a ciki, kofi ɗaya ya isa. Saukowa kuma ta cikin maƙabarta za ka bi, tsakanin dogayen duwatsun kabari masu rawani a ka, ka yi musu sallama da addu'a kana tafe. In ka dace da lokacin jirgin fito na Haliç, ka koma da shi, in ba haka ba T5 har Eminönü.

Mataki na shida: ruwa shi ne babban titi

A Eminönü za a tare ka da takardu ana kiran "Bosfor, Bosfor". Ka wuce abinka. Jirgin fito na kowa da kowa, wanda suke kira vapur, da katinka za ka shiga, kuma ruwan dai ɗaya ne. Zuwa Üsküdar kamar minti 15 ne, Kadıköy kuwa ashirin da ɗoriya. Ka sayi simit, burodin nan zagayayye mai riɗi, ka hau bene ka zauna a waje. Mai shayi zai zagayo da tire cike da 'yan kofunan gilashi masu ƙugu. Fararen tsuntsayen teku na bin jirgin, yara na jefa musu gutsuren simit suna cafewa a iska.

A Üsküdar bakin ruwa shimfiɗe yake, ka taka zuwa Salacak ka tsaya daura da Kız Kulesi, hasumiyar da ke tsakiyar ruwa. In kana son ganin masallacin Çamlıca, wanda aka buɗe a 2019 mai ɗaukar mutum 63,000, ka hau M5 zuwa Kısıklı, amma ka sani daga tashar akwai sauran hawa, ka nemi bas. Ni dai Kadıköy ta fi burge ni: kasuwar kifi da zaitun da cuku, kuma abinci ya fi na Sultanahmet sauƙi nesa ba kusa ba. Dawowa ka daidaita ta da Magariba, ka zauna a hannun hagu. Rana na faɗuwa bayan hasumiyoyin tsohon birni, kiran salla na tasowa daga tudu zuwa tudu, kai kuma kuɗin fito kawai ka biya.

Ranar da hazo ya rufe ko iskar kudu da suke kira lodos ta taso, akan dakatar da jiragen. Sai ka koma Marmaray, jirgin ƙasan da ke ratsa ƙarƙashin teku tun 2013, minti huɗu tsakanin Üsküdar da Sirkeci. Ya fi tsada kaɗan, ba kuma abin da za ka gani sai bango.

Sauran 'yan dabaru

Sultanahmet ka ba ta safiya guda, da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida kyauta ne. Ayasofya, wadda aka gama a 537, ta koma masallaci a 2020, kuma tun farkon 2024 baƙi masu zuwa kallo biya suke yi, ƙofarsu daban da ta masallata. In wuri ɗaya za ka kashe wa kuɗi, ni fadar Topkapı zan ce, saboda ɗakin amanoni, wato kayan da ake dangantawa ga Manzon Allah da sahabbansa, waɗanda Sarki Salim ya kawo bayan cin Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. Tana rufe ran Talata, babbar kasuwar Kapalıçarşı kuma ran Lahadi.

Abinci ka nemi esnaf lokantası, wato gidan cin abincin 'yan kasuwa da leburori. Tukwane a jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Miyar adas da burodi ta isa karin safe. Duk inda mutum ya tsaya a ƙofa da takardar abinci mai hotuna yana kiranka, ka ƙara gaba layi biyu. Ruwan sha ka sayi babbar gora a BİM ko A101 ko Şok ka riƙa ɗurawa a ƙarama. Banɗaki kuwa kusan kowane masallaci na da shi, wani kyauta wani da 'yan canji.

T1 tsakanin Eminönü da Aksaray matsatsi ne da yamma, jakar goyo ta dawo ƙirji, waya ta bar aljihun baya. In nisan bai wuce tasha biyu ba a kan doron tudu, kamar Sultanahmet zuwa Beyazıt, taka shi ya fi. Ƙananan motocin dolmuş tsarin tasha irin namu ne, sai ta cika take tashi, kuɗi hannu da hannu ake miƙa wa direba daga baya zuwa gaba, in za ka sauka ka ce "inecek var", wato akwai mai sauka, "inejek" za ka furta.

Metro da jiragen titi suna daina aiki wajen sha biyun dare, wasu layukan metro kuma na kwana suna yi a daren Juma'a da Asabar. Jiragen fito kowane da lokacin na ƙarshensa, a rubuce a allon tasha. Da ka sauka a tsallake, kafin ka shiga gari, ka ɗauki hoton allon da wayarka, ka kuma tabbata akwai kuɗin hawa biyu a katin.